Ruwan Makoki

Litinin, 3 ga Mayu, bayan Azahar

Wannan littafin na saye shi ne don rubuta ranakun ban ruwa da na zuba taki. Shafukan farko duk zancen masara ne. Yau na juya shi ta baya, saboda ba ni da wanda zan yi wa magana a Kura bai ce min "sai haƙuri" ba.

Da safe rediyo ta ambaci sunan garinmu, ta ce an kai hari an kashe mutane. Shekara huɗu ina zuwa noman rani ƙasar Kano, tun da na ajiye alli na kama fartanya, kuma duk sanda na faɗi sunan garin sai an ce, "Ina ne kuma nan?" Yau har mai shayi ya iya faɗinsa.

Matata Kubra tana can. 'Yata Baraka tana can, shekararta bakwai.

Na je wurin mai waya na ƙarƙashin lema a bakin titi. Lamba ɗaya gare ni, ta mai kemis ɗin unguwarmu. An buga sau shida. Matar nan ta cikin waya ta ce ba a samun layin, a sake gwadawa.

Talata, 4 ga Mayu, da yamma

An sake gwadawa.

Laraba, 5 ga Mayu, hantsi

Rediyo uku, lissafi uku. Wannan ta ce kaza, waccan ta ninka, ta gwamnati ta ce an shawo kan lamarin. Babu wadda ta faɗi sunan unguwa ko ɗaya.

Bana Kubra ta so ta biyo ni. Ta ce ko wata biyu ne su zo su ga inda nake, Baraka ta ga ruwan da ke tafiya a kan siminti, wanda nake ba ta labari. Na ce ɗaki ɗaya ne, ga sauro, ga makarantar yarinya. Ɗaki ɗaya ne kuwa. Ban yi ƙarya ba.

Alhamis, 6 ga Mayu, bayan Magariba

Yau ranar ruwana ce, kuma ban je ba. Na yini a tasha ina leƙa duk motar da ta fito daga kudu.

A layinmu gonaki goma sha huɗu ne ke shan magudana ɗaya, kowa da ranarsa da awanninsa. Wanda ranarsa ta wuce shi sai wani mako. Baba Dattijo ne shugaban layi, tsoho ne mai ido ɗaya mai kyau, amma da shi yake ganin ɓarawon ruwa daga nesa. Ya same ni a ƙofar ɗaki.

"Malam Sani, masararka ta fara goyo ka bar ta da ƙishi?"

Na ce, "Baba, na je tasha."

"Na sani. Tashar ce za ta ba ta ruwa?" Ya zauna a kan turmi. "Ka san doka. In na ba ka ranar wani don ka je tasha, gobe Lukmanu mai gidan kallo zai ce shi ma ya je ɗaurin aure. Ƙofa ɗaya ce a buɗe."

Na san ƙofar. A layin nan, idan aka yi wa mutum rasuwa, yana zaune a gida yana karɓar gaisuwa, sai maƙwabtan gonarsa su yanko daga awanninsu su shayar masa, kwana uku a jere. Ruwan makoki suke ce masa. Kowane mamaci kwana uku. Bara da mahaifiyar maƙwabcin gonata Suhaibu ta rasu, ni da kaina na buɗe masa kwana na biyu.

Na ce, "Ba a yi min rasuwa ba."

Ya ce, "Ban ce an yi ba, ɗan nan. Amma gari guda, ai ba a rasa wani naka a ciki ba. Ko ɗan ƙanen kakarka. Ka karɓa da sunansa, masara ba ta san suna ba."

Na ce ni na san suna.

Ya ɗauki sandarsa ya tafi. Ba mugun nufi gare shi ba. Na rubuta wannan don kada in manta in na fara jin haushinsa.

Juma'a, 7 ga Mayu, bayan an sauko

An yi mana addu'a a masallaci. Mutanen da ba su taɓa amsa sallamata da kyau ba sun zo suna riƙe hannuna da hannu biyu. Wani ya ce, "Allah ya ji ƙansu." Na ce, "Su wa?" Ya sake ni.

Asabar, 8 ga Mayu, da rana

Na isa gona na tarar da ruwa yana shiga kunya ta uku. Wani ya buɗe min, ban san ko wane ne ba, kuma ban tambaya ba. Na shiga da takalmina na kwashi laka na toshe bakin, na tattake da ƙafa har sai da ya daina ko tsatsa. Masu aiki a gonar gefe suka daina hira.

Masarar da ta sha ta miƙe kafin hantsi. Kunya uku kore, sauran sun naɗe ganye. Duk wanda ya wuce sai ya kalla.

Lahadi, 9 ga Mayu, La'asar

Babu labari.

Ɗalhatu direba zai tashi gobe da lodin albasa. Hanyarsa ta kudu tana bi ta gefen jiharmu. An ce mutanen da suka tsira an zuba su a makarantun firamare a jihar da ke maƙwabtaka. Na rubuta masa sunaye a takarda: Kubra Muhammadu Sani, Baraka Muhammadu Sani, unguwar bayan mahauta. Na ƙara da cewa yarinyar tana da tabon ƙuna a bayan hannun hagu.

Ya ce, "Malam, ni fa karatuna na lambar mota ne. Faɗa min da baki."

Na faɗa masa sau uku, ya maimaita. Ya ce, "Albasa ba ta jira, amma a dawowa motata fanko ce, zan bi su ɗaya bayan ɗaya. In ban samo su ba kada ka sake kirana direba, ka kira ni ɗan kamasho."

Na yi dariya. Ita ce ta farko tun Litinin, kuma na ji kunyarta.

Litinin, 10 ga Mayu, bayan La'asar

Lukmanu mai gidan kallo ya samo kaset. Ya rubuta sunan garinmu a allo da alli, a daidai wurin da yake rubuta sunan fim. Na ce ba zan je ba. Na je.

Ɗakin cike yake. Da na shiga Lukmanu ya ce, "Ku ba Malam kujerar gaba, garinsu ne." Suka ba ni. Wani a bayana yana ɓare gyaɗa.

Ban kalli fuskoki ba, zannuwa na riƙa kallo. Akwai atamfa koriya mai zanen ganyen rogo da na kai wa Kubra da Sallah. Duk koren da ya gifta sai in bi shi da ido. Wani ya ce a mayar da baya, bai ga wurin nan da kyau ba. Aka mayar. Aka sake mayarwa.

Rabin kaset ɗin ba garinmu ba ne. Garinmu ba shi da bene hawa uku, ba shi da irin waccan gadar. An haɗo ne daga wani wuri, wata shekara. Na faɗa wa Lukmanu a waje. Ya ce, "To Malam, ai duk ɗaya ne, mutane su ga abin da ake yi mana."

Waɗanda ke kwance a ƙarƙashin benen nan mutanen wani ne. Shi ma ƙila yana wani ɗaki yana kallon zannuwa.

Ban ga atamfar ba. Ban san ko wannan labari ne mai daɗi ba.

Talata, 11 ga Mayu, bayan Magariba

Birni ya rikice. Tun hantsi motoci ke dawowa daga hanyar Kano da gilashi a fashe.

Dole in rubuta zancen Istifanus, ko da ba na so.

Istifanus mai gyaran injin ban ruwa ne, rumfarsa tana bayan injin casar shinkafa. Ƙauyensu yana kan dutse, tafiyar awa ɗaya a keke daga garinmu. A duk Kura shi kaɗai ne yake Hausa irin tawa, kuma mu biyu ne Kanawa ke kwaikwayon bakinmu. Nakan ce masa Injiniya, yakan ce min Hedimasta. Mun sha zama muna zagin tuwon nan muna kewar gwaten acca.

Da rana Lukmanu ya zo ƙofata da mutane kamar goma. Wasu na san su, na taɓa aron fartanyar ɗaya daga ciki.

"Malam, kai ne mai haƙƙi. Mutumin nan na bayan inji, ai 'yan wajensu ne suka yi muku. Ina yake kwana?"

Na ce ban sani ba.

"Abokinka ne fa."

Na ce, "Injina yake gyara min."

Haka na faɗa. Shekara huɗu, kuma abin da bakina ya iya ke nan.

Suka tafi suka ƙone rumfar, da injinan mutane a ciki, har da na mutum biyu daga cikin masu ƙonawar. Shi ba ya nan. Na ji daga baya cewa Baba Dattijo ya saka shi a motar ƙaiƙayi tun da Asuba, an kai shi barikin sojoji.

Ban nuna shi ba. Amma tun jiya a gidan kallo na ji abin da ake faɗa, ban kuma je na gaya masa ba. Na dawo ɗaki na zauna ina tunanin atamfa. Tsoho mai ido ɗaya ne ya je.

Laraba, 12 ga Mayu, da rana

An hana fita a birni. Sojoji a kan titi. Mai waya bai kafa lemarsa ba.

An ce don mu aka yi. Ni dai ba a tambaye ni ba.

Alhamis, 13 ga Mayu, bayan Azahar

Na ba da ruwa da hannuna. Ruwan kaɗan ne, ma'aikacin da ke buɗe babbar ƙofa ya makara, shi ma tsoro yake ji. Rabin gona ya samu.

Na bi magudana har ƙarshen layi. Gona ta goma sha huɗu ta Istifanus ce, 'yar ƙarama, barkono ya shuka. Na tsaya a kanta sai na tuna watan Fabrairu. A watan nan ne aka shiga ƙauyensu, aka kashe wansa da 'ya'yan wan biyu. Ya rufe rumfa kwana huɗu. Mutum uku, kwana tara ke nan na ruwa. Babu wanda ya buɗe masa ko na awa ɗaya. Babu wanda ya ce kada a buɗe, kawai dai ba wanda ya tuna cewa doka ta shafe shi. Da ya dawo na je karɓar injina, na ce, "Injiniya, Allah ya kiyaye gaba," na tambaye shi ko ya canza min fulogi.

A lokacin rediyo ta faɗi sunan ƙauyensu sau ɗaya. Na ji. Na san kuma daga wane gari aka ce maharan sun fito.

Na gaya wa Baba Dattijo. Ya ce, "Wannan a wuyana yake, ba a naka ba. Ni ne shugaban layi."

Na ce laifin zai ishe mu mu biyu.

Asabar, 15 ga Mayu, da yamma

Na kama hanyar garinmu jiya, na dawo yau. Mun yi tafiyar awa biyar, a wata mararraba sojoji suka juyo da mu. Na ce wa ɗaya iyalina suna ciki. Ya ce, "Baba, duk wanda ke motar nan haka ya ce." Gaskiya ya faɗa. Yaro ne ƙarami, leɓensa duk ya tsage.

A gefen shingen wasu mata suna zaune da ƙullin kaya. Wata tana riƙe da murfin tukunya, murfin kawai. Na tambaye su unguwar bayan mahauta. Ba 'yan garinmu ba ne, daga ƙauyukan kan dutse suke. Da suka ji sunan garin da na ambata, sai mai murfin ta jawo 'yarta jikinta.

Litinin, 17 ga Mayu, hantsi

Babu labari. Ɗalhatu bai dawo ba.

Talata, 18 ga Mayu, La'asar

Hadari ya haɗu ta wajen Bunkure, ya yi baƙi, ya watse.

Asta mai nono ta tsaya a ƙofata. Ba ta yi min ta'aziyya ba, Allah ya saka mata. Cewa ta yi, "Malam, ka rame kamar saniyar bazara. Miƙo kwano." Na ce ba na jin ci. Ta ce, "Ni ma ban tambaye ka ba." Ta zuba, ta tsaya har na shanye. Ta ce 'yan'uwanta ma suna can wajen da shanu, tun watan jiya ba su ji ɗuriyarsu ba, kuma su ko a rediyo ba a lissafa su.

Laraba, 19 ga Mayu, da safe

Ɗaki ɗaya ne. Na auna shi da ƙafa yau. Tabarma biyu za su shiga, har da wurin ajiye randa.

Alhamis, 20 ga Mayu, bayan Magariba

Ranar ruwa ta sake wuce ni. An ce an manna sunayen 'yan gudun hijira a wani ofishin agaji a birni, na tafi tun da safe.

Takardu goma sha bakwai a jikin bango, rubutun hannu. Mutane suna ture juna. Wanda bai iya karatu ba sai ya kama rigar wanda ya iya, don haka na yini ina karanta wa mutane sunaye. Na samo wa wani tsoho ɗansa a takarda ta tara. Ya rungume ni yana kuka, ni kuma ina jin haushinsa. Allah ya yafe min.

Kubra huɗu na gani. Babu tawa. Baraka ko ɗaya.

A hanyar dawowa na wuce unguwar da aka ƙona makon jiya. Wani yana ta kwasar kwanon rufi daga wani kango yana lodawa a baro, yana waƙa.

Juma'a, 21 ga Mayu, da yamma

Baba Dattijo ya ce ƙarshen wata za a rufe babbar magudana don yashe ta. Ya ce, "Malam Sani, in ba ta sha a makon nan ba, sai dai ka yanka wa shanun Asta."

Na ce to.

"To me?"

"To, Baba."

Ya ce taurin kaina ya fi na jakin Madobi. Sannan ya ce Allah ya sa ni ne mai gaskiya.

Lahadi, 23 ga Mayu

An sake gwadawa.

Talata, 25 ga Mayu, bayan La'asar

Ɗalhatu ya dawo.

Na hango motar tun daga kwana. Bai yi hon ba, shi da yake tashin unguwa da hon. Ya sauko, ya yi sallama. Na tura masa benci, bai zauna ba. Ya tsuguna a ƙasa.

Makarantu biyar ya bi. A ta biyar ya samu Inna Rauda, maƙwabciyarmu, wadda katangarmu ɗaya. Ita ta ba shi labari, shi kuma ya maimaita min kamar yadda ya maimaita sunayen, a hankali, ba ya tsallake komai.

Ranar Lahadi ne, 2 ga wata, da hantsi, a bakin rijiyar bayan mahauta. Inna Rauda ta gani da idonta. Ita ta cire mayafinta ta rufe Kubra. Ta ce a gaya min ba ta daɗe ba. Ban sani ba ko haka ne, ko kuwa abin da ake gaya wa miji ke nan.

Ranar Lahadi. Duk abin da na rubuta tun da na juya littafin nan, bayan rasuwarta na rubuta shi.

Na ce, "Yarinyar fa?"

Ya ce, "Malam, a nan ne maganar ta rabu. Tsohuwar ta ce uwar ta tura ta gaba, ta ce ta bi yaran makarantar allo. Ta ga bayanta suna gudu ta wajen rafi, su kamar takwas. Daga nan ba ta sani ba. Wasu sun ce an kwashi yara a motar sojoji, wasu sun ce wasu ƙauyawa sun ɓoye wasu. Na duba hannun duk yarinyar da na gani, har wata mata ta zage ni."

Na ce ya yi ƙoƙari.

Ya ce, "Ban samo ba. Ka kira ni abin da na ce."

Na ce, "Tashi ka zauna a benci, direba."

Laraba, 26 ga Mayu, da sassafe

Na je gidan Baba Dattijo bayan sallar Asuba. Yana zaune a zaure da carbi. Ya riga ya ji, duk Kura ta ji. Ya yi min gaisuwa yadda ake yi, na amsa yadda ake amsawa. Wannan karon ban ce "Su wa?" ba.

Na ce, "Baba, a buɗe ruwan."

Ya ce, "Za a buɗe. Suhaibu ya ce shi zai fara." Ya ja carbi biyu ko uku. "Kwana nawa zan faɗa wa mutane?"

Na ce uku.

Ya ɗago idon nan. "Malam Sani, kwana ashirin da huɗu ke nan. Yarinya 'yar shekara bakwai. In shida ne, masarar za ta tashi gaba ɗaya kafin a rufe magudana. Uku ba za su kai ƙarshen gonar ba."

Na ce, "Uku, Baba."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Na roƙe shi in akwai wanda ya riga ya yanko awanninsa na sauran kwanakin, a bar ruwan ya wuce zuwa gona ta goma sha huɗu. Ya ce barkonon ya riga ya mutu. Na ce na sani. Ya ce za a bar shi ya wuce.

Juma'a, 28 ga Mayu, bayan La'asar

Yau kwana na uku. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar ɗaki, mutane suna ta zuwa. Lukmanu ma ya zo, ya tsuguna, na amsa masa. An ce ya samo sabon kaset.

Daga nan ina jin ƙarar ruwa a magudana. Suhaibu ya ce kashi biyu cikin uku na gonar ya miƙe.

Ɗalhatu zai tashi gobe. Ya ce akwai makarantu uku da bai kai ba, kuma an fara barin motoci su wuce mararraba. Zan zauna a gaba kusa da shi. Na bar wa Baba Dattijo makullin ɗaki, na ce kada a ba kowa, zan dawo da baƙuwa ko ba yanzu ba.

Na gaya masa da Magariba a toshe bakin gonata. Kada wani ya yi min alheri gobe ya buɗe kwana na huɗu.